Shuɗin Silifas a Layin Farko

Ƙarfe tara da 'yan mintuna na safiyar Juma'a wayar ofishin 'yan sanda na Karangwuni ta yi ƙara. Insfekta Baskoro ya buɗe ƙunshin shinkafarsa ke nan, ko loma biyu bai kai ba. Aka ce an rotsa wa wata ma'aikaciya kai a ƙaramin asibitin unguwar masunta, an kuma yi awon gaba da akwati.

"Akwatin magani?" Ya tambaya.

"A'a, Pak," in ji Saja Paimin yana laluben makullin mota. A nan Pak ake ce wa namiji don girmamawa, mace kuma Bu. "Akwatin takardu. Wai na lokacin jira."

"Na me?"

"Haka dai suka ce. Kuma sun riga sun kama mai laifin sun kulle mana shi. Ɗaukowa kawai za mu yi."

Baskoro ya naɗe ganyen ayaba a kan shinkafar ya tura ta cikin durowa. Shekara goma sha tara yana wannan aiki, kuma ba abin da ke ɓata masa rai irin a kama masa mai laifi tun bai iso ba.

Da suka shiga harabar asibitin, layin silifas uku ne miƙe a gaban tagogi uku na yankar kati, kamar kullum. Masu silifas ɗin suna zaune a benci ƙarƙashin rumfa, ƙafafu ba takalmi, kowa ya zuba wa nasa ido, don shi ke riƙe masa wuri a layi. Yau dai layukan sun karkace, don mai daidaita su ba ya nan. Baskoro ya sa Paimin ya rufe ƙofar waje, ya ce ko kaza kada ta fita.

Shugabar asibitin, Dokta Ratri, ta tarye shi a baranda, rigarta da ɗigon jini a hannu.

"Sunanta Sekar, ita ce mai kula da bayananmu. Ƙarfe takwas da kwata mai shara ta tsince ta a ɗakin ajiya na baya. Na yi mata ɗinki bakwai, na tura ta babban asibiti. Za ta rayu, amma ba ta ga kowa ba, ta baya aka buge ta."

"Wa kuka kulle?"

"Mbah Tarjo, mai gadinmu." Ta kawar da kai. "Sandarsa aka gani kusa da ita."

Baskoro ya san Mbah Tarjo, wato Kaka Tarjo. Wa bai san shi ba? Shekara talatin tsohon yana tura silifas ɗin mutanen garin nan gaba da sandar gora, har na uwar Baskoro kafin ta rasu. Yanzu yana da sittin da takwas. In aka kai shi kotu da wannan laifi, gidan yari ne zai zama gidansa na ƙarshe.

Ɗakin ajiyar ɗan ƙarami ne, kabad ɗaya dogo, tebur ɗaya. Jini ya malala a bakin ƙofa ta ciki. Kofin shayi na gilashi ya tarwatse a ƙasa, sandar gora tana yashe a gefe. A saman kabad ƙura ta bar shacin inda akwati yake zama.

Baskoro ya durƙusa. Daga wajen fasasshen kofin zuwa ƙofar baya akwai sawun ƙafa marar takalmi, kuma diddigen hagu kaɗai ke barin jan tabo.

"Ma'aikatanku suna yawo ba takalmi?"

"Mbah Tarjo kaɗai. Shi bai taɓa sawa ba."

"Da kuma duk wanda silifas ɗinsa ke layi," in ji Baskoro. "Wato mutum tamanin."

A bango an manna wata babbar takarda cike da ɗigo-ɗigo na biro. Na hannun dama sun taru wuri guda kamar an zuba gero a tafin hannu. Na hagu sun warwatse daga ƙasa har sama, can ƙololuwa kuma akwai ɗigo ɗaya shi kaɗai, an zagaye shi da ja.

"Bu Dokta, mene ne wannan?"

"Gwajin Sekar ne. Mako huɗu ke nan muna yi. Litinin, Laraba da Juma'a layin silifas, kowace taga da layinta. Talata, Alhamis da Asabar layi ɗaya, a ba ka lamba, duk tagar da ta samu sarari ta kira na gaba. Kowa ya iso, Mbah Tarjo ya rubuta lokaci a 'yar takarda ya saƙala masa. In ya kai taga, mai yankar kati ya rubuta nasa lokacin da sunan mutum. Su ne a akwatin."

"To wanne ya fi sauri?"

"Babu. In ka haɗa ka raba, nan minti hamsin da biyu, can hamsin. Da ofishin lafiya na gunduma suka gani sai suka ce to me za a canja? Sekar ta ce ita ba matsakaici take aunawa ba, tazara take aunawa."

"Ki yi min bayani irin na ɗan sanda."

"Mutum biyu sun zo. Ɗaya ya jira minti goma, ɗaya awa uku ba minti goma. Wasu biyu sun zo, kowanne ya jira awa ɗaya da rabi. A takarda duk ɗaya ne, Pak. A kan benci ba ɗaya ba ne." Ta nuna ɗigon dama. "Ranar lamba kowa yana jira tsakanin minti arba'in da awa ɗaya. Ranar silifas ba wanda ya san nasa. In tagarka ta tsaya ka tsaya, kana kallon wanda ya zo bayanka ya gama ya tafi."

"Wannan mai jan zagayen fa?"

"Pak Kasmuri, masunci. Larabar mako na biyu. Awa uku da minti goma ya jira da ciwon ƙirji, ya faɗo daga benci ya rasu. An rubuta cewa cunkoso ne."

"Wa ya san me Sekar za ta yi da takardun?"

"Duk ma'aikata. Jiya a taro ta ce yau za ta ware su taga-taga, rana-rana, don ta ga daga ina warwatsuwar take fitowa."

Baskoro ya daɗe yana kallon jan ɗigon. Shi lissafi bai taɓa zama abokinsa ba, amma wannan ya gane shi.

An kulle Mbah Tarjo a ɗakin tsintsiya. Yana zaune a kan bokitin da aka kifa, hannaye a gwiwa, kamar mai jiran mota.

"Mbah, ka bar harabar yau da safe?"

"Ban je ko'ina ba."

"To sandarka ita kaɗai ta taka zuwa ɗakin ajiya?"

Baskoro ya ci gaba.

"An ce shekaranjiya ka ce wa Sekar in ta sake faɗar wata magana sai ka fasa mata kai."

"Na faɗa." Tsohon ya ɗago kai. "Cewa ta yi layina ne ya kashe Kasmuri. Tare muka taso da Kasmuri, tare aka yi mana kaciya. Yarinyar da na san ranar da aka haife ta za ta gaya min haka? Baki ne kawai, Pak Insfekta. Ko kyanwa ban taɓa duka da sandar nan ba."

"To ka daina yi min ƙarya, don ƙaryar ce za ta ɗaure ka. Ina ka je?"

"Bayan gida," ya faɗa a hankali, kamar wani babban abin kunya. "Takwas saura ashirin. Cikina ne. Na jingina sandar a wajen famfo, minti goma na dawo babu ita. Shekara talatin ban taɓa barin layi ba, shi ya sa ban so a ji."

"Da me ka ci gaba da tura silifas?"

"Da ƙafa."

"Ɗaga min ita. Ta hagu."

Tafin ƙafar ya yi kauri kamar tayar babur, duk faso, amma babu sabon yanka ko ɗaya.

Daidai nan wayar Baskoro ta yi ƙara. Kwamanda ne, kuma labari ya riga ya kai masa. Baskoro ya gaya masa maganar ƙafa.

"Jinin yarinyar ya taka, shi ke nan," in ji Kwamanda. "Sandarsa ce, ya yi barazana a gaban shaidu, in aka daina layin takalmi aikinsa ya ƙare. Me kuma kake nema? Kafin a tafi masallaci ina son ganinsa a bayan kanta."

Baskoro ya duba agogo. Goma da minti biyar. Asibitin yana tashi ƙarfe goma sha ɗaya ranar Juma'a, kuma ba zai iya tsare mutum tamanin su rasa salla ba. Ya ji ransa ya ɓaci sosai, ya mayar da wayar aljihu ya koma kan tsohon.

"Mbah, akwai abin da ya faru a layi yau wanda ba a saba ba?"

Tsohon ya yi tunani. "Shuɗin silifas, sababbi, a layin farko. Sun kai taga wajen takwas saura biyar. Na kira sau uku ba mai su, na mayar da su ƙarshen layi. Haka doka take."

"Na waye?"

"Ban sani ba. Ni ba fuska nake kallo ba, Pak, takalmi nake kallo. Duk garin nan na san silifas ɗin kowa, har wanda ya ara na ƙaninsa. Waɗannan ban taɓa ganinsu ba."

Baskoro ya fito ya kira Paimin gefe.

"Wanda ya ɗauki akwatin ba takalmi a ƙafarsa, kuma ya yanke. Me ke bayan katangar baya?"

"Ɓawon kawa, Pak, irin dodon koɗin teku mai kaifi. Tudu guda, na masu gasawa."

"To bai tsallaka ba. Akwatin yana cikin gidan nan. Ka duba duk inda mai ɗingishi zai kai ya dawo cikin kwata."

"Ni dai kullum shara ce rabona," in ji Paimin, ya naɗe hannun riga ya wuce.

Takardun yau ba su shiga akwati ba, don sai an tashi Sekar take tattarawa. Suna nan soke a jikin ƙusa a kowace taga. Baskoro ya zare na taga ta farko ya shimfiɗa su a kan tebur, mai tagar, Bu Endang, tana tsaye a kansa tana goge tabarau. Mace ce mai jiki da saurin baki, wadda ta shekara ashirin tana ce wa marasa lafiya su ɗaga murya.

Ya jera su bisa lokacin isowa. Wanda ya zo bakwai saura ashirin da biyar ya kai taga takwas saura goma. Wanda ya zo bakwai saura kwata ya kai takwas saura biyu. A tsakaninsu akwai wanda ya zo bakwai saura ashirin, shi kuma sai tara da ashirin da biyar. Maƙwabtansa awa ɗaya da kwata, shi awa uku ba kwata. Ya karanta sunan: Suprayitno.

"Wane ne wannan?"

"Mas Prayit muke ce masa, wato Yaya Prayit, abokin aikinmu, mai taga ta biyu. Haƙori ya hana shi barci, ya ɗauki hutun yau. Kuma ka ga mutumin kirki, bai ce shi ma'aikaci ne a shigar da shi ta baya ba, layi ya bi kamar kowa."

"Ya saba bin layi?"

"Yau ne farko. Har tsiya na yi masa."

"Yana nan tun safe?"

"Yana nan, da idona na gan shi."

"Shi kika gani, ko silifas ɗinsa?"

Bu Endang ta dubi waje. Daga tagarta rumfar benci ba ta ganuwa sai ka leƙo da kai, kuma Baskoro ya riga ya gwada.

"To ai duk ɗaya ne, Pak. In takalmin mutum yana layi, yana nan."

"Shuɗi ne?"

"Shuɗi. Da ya zo gaishe ni da safe na ce masa, kai da baƙin sau-ciki har ranar kasuwa, yau kuma silifas?"

"Bu, ranar da Kasmuri ya rasu, a wane layi yake?"

Ta mayar da tabarau a fuska. "Ban tuna ba."

"Mutum ya mutu taku biyar daga tagarki, ba ki tuna ba?"

"Rana ce mai cunkoso."

Ba ta ƙarasa ba Paimin ya shigo rungume da akwatin kwali, gashinsa duk busasshen ganye, yana wari.

"Cikin gangar ƙona shara, Pak, an binne shi da ganye. Bayan sallar Juma'a mai shara take cinna wuta. Da mun tsaya cin shinkafar nan da toka za mu tarar."

Sekar mai tsari ce, ta ɗaure takardun kowace rana da roba. Baskoro ya ciro na Larabar mako na biyu, shi da Dokta Ratri suka ware su kashi uku. Taga ta farko tana sallamar mutum duk minti biyar ko shida. Ta uku haka. Ta biyu ma haka, har zuwa takwas saura ashirin. Daga nan babu takarda ko ɗaya sai tara da kwata. Takardar Kasmuri tana cikin na taga ta biyu: ya iso shida da minti biyar, a gurbin lokaci na biyu kuma Sekar ta rubuta da jan biro, tara da kwata.

Dokta Ratri ta zauna a kujera. Ita tana can ciki tana duba waɗanda aka turo mata, ba ta taɓa sanin daga wace taga suke zuwa ba.

"Awa ɗaya da minti talatin da biyar," in ji Baskoro. "Bu Endang, yanzu kin tuna?"

Hawaye suka zubo mata. "Mas Prayit ya ja labule ya rataya 'yar takardar nan ta 'Ina zuwa'. Ya ce min minti goma. Da abin ya faru ya roƙe ni, ya ce 'ya'yansa uku. Saura mutum biyu Pak Kasmuri ya kai taga. Na ce masa ya dawo layina, ya ce in ya ɗauke silifas ɗinsa zai koma ƙarshe, gara ya jira tunda ya kusa."

Prayit yana zaune a bencin ɗakin haƙori, ya dafe kunci da hankici. Siriri ne mai tsabta, ɗan shekara arba'in, gashin baki a gyare. Shuɗin silifas suna ƙafarsa, ya cusa ta hagu a ƙarƙashin benci. Baskoro ya sa aka kawo shi ofishin likita, ya lura da yadda yake taka ƙasa da yatsu.

"Mas Prayit, sannu da haƙori. Wanne ne?"

"Na ƙasa, Pak, can ciki."

"Har ƙafa yake sauka?"

"Tsohon targaɗe ne."

"Ina kake tsakanin takwas saura ashirin da takwas da kwata?"

"A layi. Tun bakwai saura ashirin nake nan, ga takardata, kowa ya ga silifas ɗina."

"Me ya sa ka zaɓi layin farko?"

"Shi na tarar."

"Shi ya fi tsawo da safen, Mbah Tarjo ya ce da mutum shida ya ɗara sauran. Mai ciwon haƙori ya zo ya zaɓi layi mafi tsawo. Kai da ka san aikin nan, ka kintata nawa za ka jira?"

Prayit ya gyara riƙon hankici. "Wajen awa biyu."

"Wato sai tara saura. Ka ga lokaci isasshe." Baskoro ya ajiye takardu uku a gabansa. "Sai dai yau Bu Endang ba ta gamu da mai ɓataccen kati ko ɗaya ba, layinta ya yi gudu. Na gabanka ya shiga takwas saura goma, na bayanka takwas saura biyu. An kira shuɗin silifas sau uku. Kana ina?"

"Na zaga bayan gida."

"Bayan gida ɗaya ne na maza, kuma da mutum a ciki har takwas saura goma. Ya fito bai ga kowa yana jira ba, sai dai bai ga sandarsa ba."

"Ni ban san komai game da sanda ba."

"Cire silifas ɗinka na hagu."

Bai motsa ba. Paimin ya sunkuya cikin ladabi, kamar mai gyaran takalmi, ya zare shi. Gurbin diddige ya yi baƙi da busasshen jini. An ɗaure ƙafar da yagaggen ƙyalle, da Dokta Ratri ta kwance sai ga yanka mai zurfi. Ta ɗauko hantsaki ta zaro wani ɗan siririn gilashi, ta ajiye a farantin ƙarfe, ya yi ƙara.

Baskoro ya ɗora ƙunshin takardun Laraba kusa da farantin. Da Prayit ya ga robar da aka ɗaure su da ita, sai hankicin ya faɗi daga kuncinsa.

"Ban yi niyyar taɓa ta ba," ya ce. "Wallahi akwatin kawai nake so. Da ƙarfe takwas saura takan je ɗakin shayi ta daɗe. Akwatin yana saman kabad, hannuna bai kai ba, shi ya sa na ɗauki sandar in jawo shi. Yana saukowa sai na ji tafiyarta. Na laɓe bayan ƙofa. Ta shigo ta ga akwatin a ƙasa, ta fara juyowa. Ban san lokacin da hannuna ya ɗaga ba."

"Ka bar sandar a wurin."

"Tsoro ne."

"Da aka ja tsohon nan aka kulle a ɗakin tsintsiya, kana kallo?"

Prayit ya sunkuyar da kai. "Ina benci."

"Ranar Laraba ina ka je?"

Da ya amsa, sai da Baskoro ya matso kafin ya ji.

"Kasuwar tsuntsaye. An kawo wata kurciya daga gabas, mai kukan da ban taɓa jin irinsa ba. Aka yi min waya cewa wani zai saye ta kafin ƙarfe tara. Shekara shida ina shiga gasar kukan kurciya ban taɓa cin ko na uku ba. Na ce in je in dawo, minti goma. Sai ta ƙi yin kuka. Mai ita ya ce mu ɗan jira."

"Kurciya," in ji Dokta Ratri. Ta tashi ta fita.

Baskoro ya ga masu kisa iri-iri, na gado, na kishi, na maye, kuma yawanci yakan sami wani ɗan gurbi na tausayi a ransa. Wannan karon ya laluba bai samu ba. Ya yi wa Paimin alama, Paimin ya ciro ankwa. Silifas ɗin biyu aka jefa a leda, don sun zama shaida.

"Pak," in ji Prayit da aka miƙar da shi, "tana gida a keji, ba wanda ya san abincinta sai ni. Wa zai ba ta?"

"Ta ɗan jira," in ji Baskoro.

Shi da kansa ya buɗe ɗakin tsintsiya. Mbah Tarjo ya ɗago kai ya miƙo hannayensa biyu a haɗe, don ya ɗauka lokacin tafiya ne ya yi.

"Sauke hannunka, Mbah. Gida za ka, ko masallaci. Mun sami mai shuɗin silifas."

Tsohon ya tashi da ƙyar, gwiwoyinsa suna ƙara. Da aka gaya masa ko wane ne da abin da ya sa, bai yi mamakin da Baskoro ya zata ba.

"Na ga layin biyu ya tsaya ranar," ya ce. "Ina tura na dama, ina tura na hagu, ina tsallake na tsakiya. Sau nawa na wuce silifas ɗin Kasmuri? Da na ɗauke su na sa a gaban layin farko ba wanda zai ce min uffan. Amma shekara talatin ban taɓa tsallakar da kowa ba, ina taƙama da hakan."

Ya miƙa hannu bayan tulin bokitai ya ciro wata leda. Tsofaffin silifas ɗin Kasmuri ne, igiyar ɗaya an ɗaure ta da zaren kamun kifi. Iyalan sun ɗauki gawa sun manta da su, shi kuma ya kasa kai musu.

"Sandarka za ta ɗan kwana a wurinmu," in ji Baskoro. "In an gama shari'a a dawo maka da ita."

"Ku riƙe." Ya juya wajen Dokta Ratri da ke tsaye a baranda. "Bu Dokta, in yarinyar ta farfaɗo ki ce mata Mbah yana neman gafara. Ki ce mata ranar Litinin ma lamba za a raba. In ba a sami mai rabawa ba, na iya ƙirga."

Ƙarfe goma sha ɗaya saura biyar Paimin ya buɗe ƙofar waje. Aka ratsa da Prayit ta tsakiyar harabar, ankwa a hannu, yana ɗingishi ba takalmi a kan siminti mai zafi. Mutanen benci suka bi shi da ido, wata tsohuwa ta tashi ta janye silifas ɗinta daga hanyarsa.

Da motar ta fito titi, Baskoro ya hango Mbah Tarjo a madubi. Ya rungume ledar a ƙirji, ya nufi unguwar masunta, wajen gidan Kasmuri.